Faifan Maganin Tari

Layin da ke kan allon kwamfutar ya kai kashi talatin da ɗaya cikin ɗari, sai aka ɗauke wuta. Karo na uku ke nan tun hantsi. Yahuza ya dafe kai, gumi na gangaro masa daga ƙarƙashin hula.

Laraba, mai kula da shagon intanet ɗin, ta ce masa man janareta ya ƙare. Bai tsaya jin sauran bayani ba. Ya fita, ya zura tiyo a tankin motarsa ta ɗaukar kaya, ya zuƙo fetur da baki har ya ƙware, ya ciko galan ya kawo mata. Suka sake farawa daga farko.

Faifan bidiyon da yake ɗorawa na Silas ne. A Dutse, a shekarar 2007, kowa ya san Silas, mutumin Filato mai yawo da kyamara a jaka. Ba ya yi wa kowace jarida aiki. Shi zai ɗauki rahotonsa, shi zai haɗa, ya zo wannan shago ya ɗora a shafinsa. Mutanen ƙauye ba su taɓa ganin shafin ba, amma gidajen rediyon waje masu Hausa suna leƙawa, kuma abin da suka ɗauka da rana, kafin isha ya shiga kowane zaure a Jigawa.

Rahotonsa na wannan karo a kan wani maganin tari ne na yara. Maganin ya daɗe da lalacewa, wani ya saye shi da araha, ya ɓare takardun kwalaben ya manna sababbi. Yara shida sun rasu a ƙauyukan Kiyawa. Wata guda Silas yana bin sawu, har ya ɗauki hoton mai aikin ta tagar wani sito. Ranar Litinin wasu ƙarti suka tare shi a hanya, suka karya masa hannu, suka tafi da jakar.

Jiya Alhamis aka binne Ummi, 'yar Yahuza mai shekara uku. Yana kan hanyar Gumel tarin ya kama ta, uwarta Lauratu ta leƙa wani kemis a nan unguwar Limawa ta sayo magani. Da ya dawo ya ga kwalbar a kan taga, bai tambayi kowa komai ba.

Ko zaman makoki bai yi ba. Daga maƙabarta ya bi kemis-kemis yana karɓe abin da ya rage na maganin, ya tara kwalabe arba'in da 'yan kai. Sauran katan-katan sun wuce hannu biyu, hannu uku, suna wurin masu tallar magani a tire da bayan keke. Ya je gidan rediyo aka ce sai da takarda daga sama. Ya je ofishin da ke ba da takardar aka ce ya dawo Litinin. Jibi kuma kasuwar ƙauye za ta ci, lokacin sanyi ne, kowane gida da mai tari.

Da safiyar yau ya je asibiti, ya durƙusa a gefen gadon Silas, ya nuna masa faifan. Silas bai amsa gaisuwarsa ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki biro da hannun hagu ya rubuta masa kalmar sirrin shafin da adireshin editoci huɗu.

Kashi sittin da biyu. Janareta ya yi tari, ya farfaɗo. Yahuza ya riƙe gefen tebur da hannu biyu.

Laraba ta matso da kujerarta. Ta ce tun da 'yan hisba suka fara zagayen shaguna, mai shagon ya kafa doka, ba a ɗora faifan da ba ta kalla ba. Yahuza ya roƙe ta ta bari faifan ya gama hawa tukuna, ya rantse mata babu abin kunya irin wanda take tsoro.

"Malam, ai cewa aka yi an ƙwace wannan faifan," in ji ta. "Ina ka same shi?"

"Hannuna ya zo."

Ta ga jar ƙasa a gwiwar wandonsa da jan idonsa, sai ta yi masa gaisuwar rashi ta ƙyale shi.

Aka yi kiran sallar Juma'a, shago ya watse. Ya ce ta kulle shi a ciki in ta ga dama, shi dai ba zai tashi ba. Ta zauna. Tamanin da takwas. Casa'in da biyar. Layin ya tsaya cak na minti goma, bakin Yahuza na motsi ba sauti. Sai ya cika.

Ta aika wa editocin huɗu saƙo kamar yadda ya ce. Kafin la'asar biyu sun amsa, za su sa labarin a shirin yamma da sunan maganin da kalar kwalbarsa. Yahuza ya sauke numfashi, ya jingina da bango.

"Yanzu ki kalla," ya ce.

Ta sa abin ji a kunne. Ga iyaye mata a tsakar gida, ga ƙananan kaburbura, ga muryar Silas yana karanta lambar da ke jikin kwalba. Daga nan hoton ya fara rawa, ana leƙe ta taga. Wani mutum zaune a kan katan, ya ba da baya, yana shafa gam yana manna takarda, kwalba bayan kwalba, cikin natsuwa. Can ya ji motsi, ya waiwayo, hasken taga ya sauka a fuskarsa.

Laraba ta zare abin jin a hankali, ta juya ga kujerar da ke kusa da ita. Fuskar da ke kan allon ce ke kallonta.