Bango Biyu na Cocin Kan Tudu

A wani gari da ke kan tudu, Kiristocin garin suka gama ginin sabuwar cocinsu, sai ya rage adon ciki. Hotuna biyu suke so a bangon gaba: a dama makiyayi ɗauke da tunkiyarsa da ta ɓata, a hagu masunta suna jan taru. Aka ɗora wa wani dattijon coci kula da aikin. Mutum ne mai son a ce ya faɗa ya cika, don haka ya miƙe gaban jama'a ya yi alkawari kafin bikin Ista an gama. Ya nemo wani tsohon mai zane, wanda aka ce duk ƙasar babu na biyunsa. Tsohon ya zo ya auna bango da igiya, ya koma gida. Sati ɗaya, sati uku, shiru kake ji. Dattijo ya bi shi har gida, ya tarar da shi zaune a tabarma, takardu barbaje ko'ina, ya danne su da duwatsu da ludayi kada iska ta kwashe. A wata takardar hannu ne kaɗai, an zana shi ya fi sau goma. A wata ƙafar tunkiya. Ashe duk ranar kasuwa tsohon yakan zauna wajen masu dabbobi yana kallon yadda makiyayi ke saɓa 'yar tunkiya a wuya, inda yatsu ke kamawa, da yadda kan dabbar ke langaɓewa.

"Baba, coci fa muka ce a yi wa ado, ba takarda ba," in ji dattijo.

Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Takarda tana yafe kuskure, Dattijo. Bango ba ya yafewa."

Dattijo ya fito ransa ba daɗi. Ya kira magini ya sa aka shafe bangon hagu gaba ɗaya da farar ƙasa da yashi, ya yi sumul kamar ƙwai. Shi a ganinsa ya rage wa tsoho aiki ne. Bayan kwana huɗu tsohon ya zo da takardunsa a naɗe, ya ɗora tafin hannu a bangon, ya jima bai ɗauke ba. Sannan ya ce wannan ya riga ya rufe baki, ba zai sha launi ba, sai dai a sassaƙe shi a sake. Dattijo ya duba bangon nan mai kyau, ya tuna alkawarinsa, ya ce ba mai taɓa shi. Ya samo wani mai zane daga birni, mai saurin hannu, wanda ba ya ɓata lokaci da takarda. Cikin kwana tara masunta suka fito a kan busasshen bango, ja-wur da shuɗi, har ido na ƙyalli.

Tsoho kuwa ya kama bangon dama a hankali. Ya haɗa takardunsa suka zama babba ɗaya daidai faɗin bango, ya bi kowane layi da allura yana hudawa. Da safe magini zai shafe wuri kaɗan, wanda bai fi faɗin faifai uku ko huɗu ba. Tsohon ya ɗora takarda a kai, ya bubbuga garin gawayi da ya ƙulle a tsumma, ɗigo-ɗigon baƙi su fito a kan ɗanyen shafe. Daga nan ba tsayawa ba waiwaye, hannunsa ya riga ya san hanya. Kafin azahar launi ya shige ya zama jikin bango. Shafen da bai kai ga zanawa ba a ranar sai ya sa a kankare. Ranar Ista ta zo, makiyayi yana da kai da kafaɗu da tunkiya, amma babu ƙafafu. Mutane suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta ce da wace ƙafar zai kai ta gida? Dattijo ya tsaya ta gefen masunta yana karɓar sannu da aiki.

Damina ta sauka, bango ya sha sanyi. Wata Lahadi ana cikin waƙa sai ga ɓawon shuɗi ya faɗo a kan ɗankwalin wata mata. Kafin a ci sabuwar masara fuskokin masunta sun kumbura sun ɓare kamar saɓar maciji, taru ya zube, jirgi ya rage rabi. Wata Lahadi da aka watse daga coci dattijo ya tsaya shi kaɗai, ya je bangon dama, wanda tuni aka gama, ya sa farce a rigar makiyayi ya kankara da ƙarfi. Farcen ne ya karye.

Washegari ya tafi gidan tsoho, ya cire hula ya durƙusa, ya rasa ta inda zai fara. Tsohon bai bari ya wahala ba. Ya ce a kira magini ya zo da guduma ya sassaƙe bangon hagu har ƙasa, kada kuma a kwaɓa ko kwano ɗaya na farar ƙasa sai shi da magini suna tsaye a wurin tare. Dattijo da kansa ya riƙe tsani ranar da aka fara fasawa, ƙura na zubo masa a ka.

Gaskiyar masu iya magana: tun ran gini, tun ran zane.