Birki Lafiya Ƙalau

"Birkinki lafiyarsa ƙalau, Hajiya," in ji manajan kamfanin motocin, ya turo mata makullin motarta a kan tebur.

Ta sake yi masa bayani. Sau biyu tana taka birki ƙafarta na nutsewa har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Na biyun a ƙofar makarantar 'yarta ne, yara na tsallaka titi. Motar ko shekara ba ta yi ba.

"Na'urarmu ba ta ga komai ba. Kuma tunda kika bari bakaniken waje ya canja mata mai, garanti ya tashi."

"Mai ya canja, Yallaɓai, bai taɓa birki ba."

"To, ko takalmin ne? Ku da dogon dunduniya." Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Garejin a kan tudu yake, hanyar fita kuwa gangara ce har bakin ƙofa. Ta zaunar da 'yar a baya, ta ɗaure mata bel, ta ja shi ta ƙara dubawa. Ta shiga, ta tayar da motar.

Sai ga manajan ya fito da gudu yana ɗaga hannu. Ta sauke gilashi, ta yi ajiyar zuciya.

"Dakata tukuna, Hajiya," ya ce, yana haki. Ya juya wajen ƙofa. "Maigadi, kawar min da motata daga ƙasan gangaren nan kafin ta sauko."