Baba Minshari Ya Je Gwaji

"Wallahi ba za ka fita da kwat ɗin nan ba. Warin akwati take yi."

"To ƙamshin ango kike so maigadi ya yi? Sakar min hannun riga."

Matarsa ta saki, amma ba ta matsa daga bakin ƙofa ba. "Malam, kai da bakinka ka rantse ka gama fitowa a maigadi. Ka ce daga yanzu ko liman ko alƙali."

"Wannan daban ne. Mai dogon zango ne. Har ɗaki za su ba mu a wurin aikin."

Da ta ji an ambaci ɗaki, sai ta matsa. An riga an shafa wa gidan hayarsu jan fenti, rushe shi za a yi. Maƙwabta duk sun kwashe, wasu har da ƙyauren ɗakunansu. Daga shi sai ita sai wata kyanwa da ba ta da labari.

Sunansa na yanka, ko matar tasa sai ta yi tunani. Kowa Baba Minshari yake ce masa. Tun yana saurayi ake liƙa masa gemun auduga a kan dandali, daga nan ya shiga fim, ya shiga talabijin, kuma ko'ina aikinsa ɗaya: ya ruga buɗe ƙofa wando yana zamewa, ya dawo kan benci ya yi barci. Minsharinsa hawa uku ne. Gurnani, sai fito, sai wani ɗan kuka kamar ƙofar da ta manta da mai. Ɓarayi su tsallake shi su shiga, su tsallake shi su fita, masu kallo suna riƙe ciki.

Sai tsufan gaske ya zo, gemun ya daina bukatar auduga, kalmomi suka fara zille masa a gaban darakta. Wayarsa ta yi tsit. Wani lokaci yakan kira ta da ta matarsa, don ya tabbatar ba lalacewa ta yi ba.

Gidan da aka kira su gwajin, ƙaton gida ne, irin wanda ya saba gani. Ya tarar da samari biyu a layi, kowanne ƙirji kamar katifa. Ba wanda ya riƙe takardar hadda, tsakar gidan kuma fes, ko wayar wuta ɗaya ta 'yan fim ba ta gitta ba. A inuwa wani mutum mai tabarau yana zaune yana latsa waya. Shi ne mai zaɓa.

Da layi ya zo kansa, mai tabarau ya ɗago, ya sauke gilashin zuwa kan hanci.

"Dakata tukuna. Kai ne aka sace benci kana kwance a kai?"

"Ranka ya daɗe, haka aka rubuta min."

"Yi min minsharin."

Ya so ya ƙi. Ya tuna jan fenti. Ya jingina da bango ya rufe ido ya yi, duka hawa ukun, har da ɗan kukan ƙarshe. Samarin suka durƙushe. Mai tabarau ya share hawaye.

"Kai, Baba, ka biya ni. Amma ni wanda nake nema, in an gan shi gaba ya faɗi. Allah ya ba da sa'a a gaba."

Bai tafi ba. Ya cire hula ya matse ta a hannu. "A gwada ni. Sau ɗaya, don girman Allah. In ban yi ba a kore ni da kare."

Karen da ke ɗaure a bayan mota ya yi haushi kamar ya amince.

Aka ce ya buɗe ƙofar. Ya sa kafaɗa ya tura, ta ƙi motsi. Duk ƙofofin da ya buɗe a baya akwai wanda ke ɓoye yana taya shi. Ya ciji leɓe ya sake turawa, wani abu ya yi ƙas a bayansa, ƙofar ƙarfen ta gangara. Bai bari fuskarsa ta nuna ba. Wandon ma ya tsaya inda aka ɗaure shi.

Aka ce ɗaya saurayin ya yi kamar zai lallaɓo ya shige. Baba Minshari ya miƙe, ya aro muryar wani abokinsa marigayi da ya ƙare rayuwarsa yana fitowa a ɗan sanda.

"Kai. Tsaya nan."

Saurayin ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba yana haki, "duk dabarar da ɓarawo yake yi wa maigadi, a kaina aka koye ta."

Mai tabarau ya mayar da gilashinsa kan ido. Sannan ya ce, "Ranar da na ji minshari, ranar za ka tafi."

Da yamma ya kira matarsa. Ya ce ta fara ɗaure kaya, an ba shi, ɗakin ƙarami ne amma ba ya yoyo. Ta yi ta hamdala, ta ce dama ta san ba a gama da shi ba, yau sai ta gaya wa 'yan uwanta masu cewa ya ƙare.

"To yaushe za a fara nunawa, Malam? A wace tasha?"

Ya dubi makullan gidan da ke rataye a ƙugunsa, da fitilar hannu, da kwanon karen da aka ce ya riƙa cikawa safe da yamma. Ya ɗaga kai ya dubi 'yar kyamarar tsaro da ke saman ƙofa, wadda mai gidan yake leƙawa a wayarsa ya ga ko sabon maigadinsa yana barci. Ya gyara hula, ya juya mata ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau.

"Ai an fara tun ɗazu," ya ce. "Kai tsaye ake nunawa. Mutum ɗaya ne dai yake kallo."