Ƙofar Shingen

Kwana biyu da tashin jirgin ruwansu daga Brisbane, Clive ya sake mance matarsa.

"Baiwar Allah, ke ma shan iska kika fito?" ya tambaye ta.

Lorraine ta gyara masa bargo a kan kekensa na marasa lafiya. Shekararsu hamsin da biyu da aure. 'Ya'yansu ne suka shirya musu tafiyar, don likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta kusa tafiya gaba ɗaya.

"Ni ma, yallaɓai," ta ce. Ta riga ta saba.

Ya daɗe yana kallon jikokin wasu suna iyo a wurin wankan jirgin.

"Mun taɓa haihuwar wata yarinya, Robyn," ya ce. "Tana da shekara uku ruwan wurin iyo na bayan gidanmu ya cinye ta."

Lorraine ta runtse ido. Shekara arba'in ke nan ko hoton yarinyar ba ta iya kallo.

"Matata tana zaton ita ta bar ƙofar shingen wurin iyon a buɗe." Ya rage murya. "Ni ne. Na fita shan taba. Da na ga ta ɗora wa kanta laifin, sai na ja bakina na yi shiru." Ya damƙe hannunta. "Don Allah kar ki gaya mata."

Aka sanar da abincin rana ya sauka. Lorraine ta kama keken ta tura. Saura kwana goma sha biyu su koma gida, ɗakinsu ɗaya, kuma ita ke ba shi abinci a baki.