Geron Cikin Matashi

Shekara tara ke nan da ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya, kowace ta tsaya kan abin da ta fi iyawa. Ƙasar su Malam Ɗantani zoɓo aka ba ta, tana musayarsa da injuna da magunguna. Hukuma ta haramta shuka komai sai zoɓo, gonaki duk suka koma ja wur. Gero kuwa sai jirgi ya kawo a leda, irin wanda ko an shuka ba ya tsirowa.

Ran Laraba Ɗantani ya je rumbun hukuma neman gero, domin matarsa Talatu ta tashi daga jinya tana marmarin fura. Aka ce masa jirgi bai iso ba. Ya dawo hannu rabbana.

"Malam, miƙo mini matashin can," in ji Talatu.

Ta farke ɗinkin. Ashe geron gonar mahaifiyarta ne a ciki, bai fi tafi biyu ba.

"Bari a daka miki," ya ce.

Ta riƙe hannunsa. "Kwaɗayina zai jira kaka. Shuka shi za ka yi tsakiyar zoɓo, inda masu sintiri ba sa shiga."

"In aka kama ni fa?"

"Sai in riƙa kai maka fura gidan yari."