Fuskar Maliki da Aka Goge

Kun sha wucewa ta gaban shagunan hoto na kasuwar Gadarif. Kun ga fuskokin da aka liƙa a gilashi, kowa fari tas, alhali kun san masu su, kun san launin da Allah Ya yi su da shi. Kuka yi murmushi kuka wuce. To ku tsaya ku ji abin da shirunku ya jawo wa Jummare.

Mijinta Maliki ɗan ƙwadago ne a gonakin yankin Simsim. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan yankan riɗi, bai tashi ba. Ya bar ta da 'yarsu Safiya a goye. Hoto ɗaya tak ya bari a duniya, wanda aka ɗauke shi da wayarsa a bakin gona: baƙi wuluk, yana dariya, wushirya a waje, zanen Gobirawa kwance a kumatunsa. Wayar ta lalace tuntuni, amma Jummare ta zare ɗan katin da hoton yake ciki, wanda ake ce wa zakira, ta naɗe a tsumma ta ɓoye a ƙasan akwati.

Da Safiya ta shiga makaranta sai ta addabi uwarta da tambaya: "Inna, yaya kamannin Babana?" Jummare ta ƙudurta sai yarinyar ta ga ubanta da idonta.

A lokacin Munir, ɗan yayanta, ya fara koyon gyaran hoto da kwamfuta a wani shago a kasuwa. Ita ta goya shi yana ƙarami, Maliki kuma ya sha ɗora shi a wuya. Wa za ta ba in ba shi ba?

"Ka kula da shi, Munir. Ba ni da wani."

"Haba Gwaggo! Halas, ki ɗauka an gama. Babba zan fito miki da shi, har da gilashi."

Ranar da ya kawo, mata maƙwabta suna tsakar gida ana shan gahawar jabana. Ya kware jaridar da ya naɗo hoton a ciki yana washe baki.

Jummare ta duba. Ta sake dubawa. Wani farin mutum ne mai siririn hanci, sanye da jallabiya da rawani, tsaye a gaban wani gidan bene. Kumatu sumul, haƙora a haɗe.

Maƙwabciyarta Atine ta tafa hannu. "Masha Allah! Ashe Balarabe kika aura kika ɓoye mana!" Mata suka kwashe da dariya, kowa na yaba gwanintar Munir. Cikinsu babu wadda ba ta san Maliki ba.

"Wannan mijin wace ce?" in ji Jummare.

"Baba Maliki mana, Gwaggo. Gyara shi na yi."

"Ina zanensa? Ina wushiryarsa?"

Munir ya sosa ƙeya. "Na share. Ina buɗe hoton abokan aikina suka leƙo suna ta dariya, wai daga wane daji aka kamo wannan Bafallatan, kamar yadda suke kiran irinmu."

"Kai kuma ka ce musu me?"

Ya kawar da fuska gefe. Ta maimaita.

"Na ce wani mutum ne ya kawo, ban san shi ba."

Jummare ta ajiye hoton. Ta miƙa hannu. "Ɗauke farin mutuminka. Ba ni nawa yadda na ba ka shi."

Ya sunkuyar da kai. "A kan wancan na ajiye wannan."

"Yi mini Hausa, Munir."

"Ban kwafe shi ba kafin in fara. Babu shi, Gwaggo. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Ma'alesh! Ta karɓe zakirar daga wurinsa, ta yafa tobinta na lulluɓi ta nufi kasuwa da ita a tafin hannu. Mai shagon da Munir ke koyo ya sa a kwamfuta, ya danna nan ya danna can, ya girgiza kai. Ta shiga wani shagon, ta shiga wani. Ko'ina farin baƙon nan ne yake fitowa yana kallonta. Ranar ta yi kukan da ya fi na ranar da aka kawo gawa daga Simsim, domin wancan karon Allah ne Ya karɓa, wannan kuwa ɗan da ta goya ne ya goge.

Ta dawo gida ta tarar Safiya ta taso daga makaranta, ta rungume hoton tana sumbatarsa.

"Inna! Ashe Babana kyakkyawa ne!" Sai yarinyar ta dubi hannunta, ta dubi hoton, murnarta ta dushe. "To ni me ya sa na fito baƙa?"

Jummare ba ta da sauran hoton da za ta nuna mata.

'Yan'uwa, gyaran hoto ba laifi ba ne. In ya yi duhu a ƙara masa haske, in ya karkace a daidaita, in gefe ya yi yawa a datse. Amma wanda ya sauya wa mutum fata da hanci bai gyara hoto ba, ƙarya ya shirya, kuma ya koya wa yaro ƙin fuskarsa. Munir ya danna, amma dariyar shago da tafin tsakar gida su suka tura hannunsa.

Kai mai koyo, kada ka taɓa hoton kowa sai ka kwafe na ainihi ka ajiye gefe. Ku kuma masu karatu, ku tashi yau ku kwafe hotunan iyayenku a wuri fiye da ɗaya. In aka nuna muku fuskar ɗan'uwanku an faranta ta, kada ku ce masha Allah. Ku buɗe baki a gaban kowa ku ce: wannan ba shi ba ne, a dawo mana da namu!