Tsatsa Daga Ciki

Injiniyan da ya zo duba jirgin ya ɗora tsinin ƙarfe a bututun wutsiya, ya ɗan danna. Tsinin ya shige kamar cikin burodi. Wani jan ruwa ya tsiyayo a kan siminti.

Shekara tara mai walda ya yi yana haɗa jirgin saman nan mai kujera ɗaya a shagonsa na bayan gida. Babu wanda bai ji labarin ranar da zai tashi ba, har mai aski ya haddace. Sau huɗu ana sa rana, sau huɗu yana ɗagawa, yau fenti bai yi masa ba, gobe taya. Wannan karon saura kwana shida.

Injiniya ya yi bayani. Bayan walda, ana huda ɗan rami a kowane bututu, a ɗura dafaffen mai, a juya ƙarfen har man ya shafi ko'ina, sannan a toshe, don tsatsa daga ciki take fara ci. Mai walda ya yi duk wannan. Amma an buɗe ramukan daga baya. Injiniya ya ɗanɗana ruwan ya tofar.

"Ruwan gishiri ne, kuma ya daɗe ciki. Sandunan da ke riƙe fiffike kaɗai suka tsira."

Kowa ya juya ya kalli matar gidan.

Ita ce ta yi shekara tara tana mita, tana cewa mutumin da ita ke hawa tsani ta canza masa ƙwan lantarki me ya kai shi sararin sama. Da wasa take faɗa, ana dariya. Yanzu babu mai dariya.

Kafin yamma yayar mijin ta iso da mayafi a hannu. "Da ya tashi da shi fa? Kashe mana ɗan'uwa kika so yi!"

"Wallahi Yaya, ko makullin shagon ban taɓa riƙewa ba."

Ba wanda ya saurare ta. Babban ɗanta ma ya daina haɗa ido da ita, wannan ya fi komai ƙona mata rai. Mai walda kuwa cewa kawai ya yi a bar maganar, ya yafe wa ko wane ne. Aka yi ta yabon haƙurinsa. Ranar har ƙarin abinci ya nema.

Kwana uku dangi suna zarya, daga ƙarshe suka yanke ta koma gidan iyayenta sai an ga hali. Injiniya kuma ya aiko cewa in aka sake wutsiya, wata biyu ya isa jirgi ya tashi.

Da safe ta ɗaure kayanta. Ta kasa fita ba tare da ta rantse masa ido da ido ba, don haka ta nufi shagon. Ƙofar a sakaye take, ta tura a hankali.

Yana durƙushe a gindin fiffike, ya ba ta baya, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ji motsinta bai juyo ba. Ya ce, "Tsoro nake ji, uwar yara. Ba zan iya hawansa ba." Mazurari na bakin ramin sandar da ke riƙe fiffiken, hannunsa kuma bai daina ɗura ruwan gishirin ba.